Tsanani ko lallashi: wanne ne ke rage rigimar yaro ɗan shekara 3 zuwa 5?

Mai Neman Sani ta rubuta:

Assalamu alaikum. Tambayata ga masana tarbiyyar ƙananan yara da ke wannan zaure ce, malamai ne ko likitoci.

A ɗauki yaro ɗan shekara 4 wanda ba a hana shi abu ya hanu. Da an ce masa a'a sai ya zube ƙasa ya kama birgima, ya yi jifa da duk abin da hannunsa ya kai, wani lokaci har ya gantsara wa ƙaninsa cizo. Duk inda aka zauna maganar irin wannan yaro, mutane gida biyu suke rabuwa. Wasu su ce sangarta ce, an yi masa sake, da ana zane shi da tuni ya shiga taitayinsa. Wasu su ce tsawa da duka ne suka kangarar da shi, lallashi yake buƙata. Kowane ɓangare kuma yana da gidan da zai nuna a matsayin hujja.

Abin da nake so in gane shi ne, salon tarbiyyar iyaye ne yake haifar da wannan hali, ko yaron ne bai kai ƙarfin kame kansa ba tukuna? In duka biyun ne, ta ina suke haɗuwa? Sannan a aikace me uwa da uba za su yi? Don Allah ba "a yi haƙuri da yara" nake nema ba, wannan kowa ya san shi. Matakai nake so, da wuraren da ake tafka kuskure.

Malamin Halayyar Yara ya amsa:

Wa alaikumus salam. 'Yar'uwa, kowane ɓangare rabin gaskiya ya riƙe, shi ya sa gardamar ba ta ƙarewa.

Matsalar ta faro ne daga ɗaukar doka da tausayi kamar sikeli, in ɗaya ya hau dole ɗaya ya sauka. Ba haka ba ne, ma'auni biyu ne daban. Na ɗaya shi ne jan yaro a jiki: sauraronsa, amsa masa, nuna masa ana jin daɗin zama da shi. Na biyu shi ne kafa doka da tsayawa a kanta. Diana Baumrind ta Jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley ce ta fara tsara wannan a shekarun 1960, kuma a kan yaran da ba su shiga firamare ba ta yi aikinta. Salo uku ta fitar. A 1983 Eleanor Maccoby da John Martin suka ɗora su a kan ma'aunan nan biyu, sai na huɗu ya bayyana. Akwai iyayen da suka haɗa doka da jan jiki: iyaka a fili, dalili a taƙaice, magana ɗaya. Akwai masu kama-karya, doka tuli, sauraro babu, hujjarsu kullum "don ni na ce". Akwai masu sake, so kamar su haɗiye yaron amma dokarsu ba ta kwana. Sai 'yan ko-in-kula, babu wannan babu wancan.

A 2017 Martin Pinquart ya tattara bincike 1,435 kan alaƙar tarbiyya da rigimar yara. Salon farko ne kaɗai ya tafi da ƙarancin rigima. Sauran ukun duk sun tafi da ƙaruwarta, kuma abin da ya fi ƙarfi shi ne zafin hannu da danne yaro ta hanyar gori da tsoratarwa. Kin ga ke nan masu cewa a zane shi da masu cewa a ƙyale shi hanya daban suka biyo, masauki ɗaya.

Yanzu kamun kai. Ga ɗan wannan shekaru abu uku ne: iya taka birki bayan hannu ya riga ya tashi, iya riƙe umarni a ka har a gama aiwatarwa, da iya sauya hanya idan doka ta sauya. Akwai wani gwaji da Philip Zelazo ya shahara da shi, ina so ki kalle shi da kyau. Ana ba yaro katuna, wasu da hoton jan zomo, wasu da shuɗin jirgin ruwa, a ce ya ware su bisa launi. Ɗan shekara 3 zai yi tsaf. Sai a ce yanzu an canja wasa, bisa siffa za a ware, zomaye nan, jirage can. A miƙa masa jan zomo. A tambaye shi ina zomo yake zuwa, ya nuna wurin daidai da yatsa. Amma da ya ɗauki katin sai ya jefa shi wurin jajaye, kamar ba shi ne ya ba da amsa yanzu ba. Mafi yawan 'yan shekara 5 kuwa suna sauyawa ba tare da wahala ba. Wato baki ya san doka, hannu bai sani ba. Duk lokacin da uwa ta ce "ya sani sarai, da gangan yake yi", ta tuna da wannan zomo. Sashen ƙwaƙwalwa da ke bayan goshi, wanda ke riƙe da birkin nan, ba ya gama nuna sai mutum ya haura shekara 20.

Richard Tremblay na Jami'ar Montreal a Kanada ya nuna cewa duka da cizo da ture-ture sun fi yawa a wajen shekara 2 zuwa 3, daga nan su riƙa raguwa. Ke nan yaro ba duka yake koyo ba, bari yake koyo. Tambayar da ta dace ita ce, wane irin gida ne ke koyar da barin?

Nan ne abubuwan biyu suke haɗuwa. Kafin yaro ya mallaki nasa kamun kai, na babba yake ara. Yana kuka, babba ya natsu, ya rage murya, ya tsaya a kan a'a ɗinsa, har guguwar ta wuce. A maimaita haka sau ɗaruruwa, sai abin da ke waje ya koma ciki. A gidan kama-karya birkin yana hannun uba, ba ya taɓa komawa hannun yaro. Shi ya sa za a ga yaro lumui a gaban mai dukansa, da an ba da baya ya zama wani. A gidan sake kuwa bai taɓa cin karo da ƙofa a rufe ba, to a ina zai gwada jira?

Akwai kuma batun cika alkawari, wanda ba a cika kawo shi cikin lissafi ba. Kowa ya ji labarin gwajin alewa na Walter Mischel a Jami'ar Stanford: a ajiye wa yaro alewa ɗaya, in ya jira a ba shi biyu. A 2013 Celeste Kidd da abokan aikinta a Jami'ar Rochester suka sake shi da yara 28, amma da wani ƙari. Kafin a kawo alewar, sai a ba yaro tsofaffin fensiran launi, a ce ya jira za a kawo masa sababbi. Rabin yaran an kawo musu. Rabin kuwa an dawo hannu rabbana, aka ba su haƙuri. Da aka zo kan alewa, waɗanda aka cika wa alkawari sun jira kimanin minti 12, waɗanda aka saɓa wa kimanin minti 3. Yaron da aka saba ce masa "anjima" alhali anjimar ba ta zuwa, in ya ƙi jira ba rashin tarbiyya ba ne kawai, lissafi ya yi.

Malamar Ajin Raino ta amsa:

Malam ya gama da ɓangaren dalili, Allah ya ƙara sani. Ni zan shiga aikin hannu.

Da farko ki gane yadda rigima take ciyar da kanta. Gerald Patterson na jihar Oregon a Amurka ya bayyana zagayen a 1982. Uwa ta ce a kashe talabijin. Yaro ya yi kamar bai ji ba. Ta maimaita, ta ƙara murya. Ya fara ihu. Daga nan ɗayan biyu: ko ta gaji ta ce "to ka ƙarasa wannan", ko ta fusata ta kai masa hannu ya tashi. In na farko ne, yaro ya koyi cewa ihu yana soke umarni, ita kuma ta samu shiru, wanda shi ne ladan janyewarta. In na biyu ne, ita ta koyi cewa sai da duka yake ji, shi kuma ya koyi cewa maganar farko da ta biyu da ta uku duk ba a bakin komai suke ba, sai murya ta kai wani mataki. Su biyun suna horar da juna, ba wanda ya sani.

Gyaran ba daga hukunci yake farawa ba, kuma nan ne mafi yawan iyaye suke ƙosawa. Ana farawa da minti 5 kullum na wasa, uwa ko uba da yaron su kaɗai, shi ke ja. Wannan daga tsarin Sheila Eyberg ne na yara 'yan shekara 2 zuwa 7. A cikin minti biyar ɗin babu umarni, babu tambaya, babu gyara. Sai dai ki faɗi abin da yake yi ("ka ɗora ja a kan kore"), ki maimaita abin da ya ce, ki yabe shi da sunan abin da ya yi. "Yaron kirki" ba ya koya masa komai. "Na ji daɗi da ka ajiye motar a hankali" ya gaya masa abin da zai sake. Ana yi ko ya yi laifi a ranar, don ba lada ba ne, magani ne. Ina ba da shawarar a yi mako biyu a haka kafin a taɓa sababbin dokoki. Dalili kuwa, hukuncin da za a zo da shi daga baya janye hankali ne na ɗan lokaci, kuma ba ka janye abin da ba ka taɓa bayarwa ba.

Sannan a raba halayen. Ƙunƙuni, tura baki, kukan banza, buga ƙafa: a kau da ido gaba ɗaya, da ya daina a juyo gare shi nan take. Duka, cizo, jifa, ɓarna da gangan: waɗannan ba a kau da ido, hukuncinsu nan take ba tare da gargaɗi ba, bayan an riga an sanar da shi dokar a lokacin da yake cikin natsuwa. Kada a ɗauko fiye da hali biyu ko uku a lokaci guda. Mai son gyara abu goma rana ɗaya zai wuni yana tsawa.

Yadda ake ba da umarni shi ne rabin aikin. Ki zo kusa da shi, ba daga wani ɗaki ba. Ki durƙusa idonki ya yi daidai da nasa. Umarni ɗaya tak. Ki faɗi abin da zai yi, ba abin da zai bari ba: "taka a hankali" ya fi "daina gudu", domin ɗan shekara 3 sai ya fara tunanin gudun kafin ya nemo kishiyarsa. Kada ki mayar da shi tambaya. In kin ce "za ka sa takalminka?" kin ba shi damar cewa a'a, kuma ya yi gaskiya. In akwai dalili, ki faɗe shi kafin umarnin, ba bayan ya fara gardama ba. Daga nan ki yi shiru, ki ƙirga sakan 5 a zuci. Shirun nan yana da wuya fiye da yadda ake zato. In ya fara, ki yabe shi. In bai fara ba, gargaɗi ɗaya: "in ba ka sa takalmin ba, za ka zauna a kujera." Wani sakan 5. In bai motsa ba, sai kujera, ba tare da ƙarin magana ba.

Kujerar nan a ajiye ta inda babu abin wasa babu talabijin, amma inda kina ganinsa. Ba ɗaki mai duhu ba, ba kulle ƙofa ba, ba inda zai tsorata ba. Minti 3 ya isa, wasu kuma suna ƙirga minti ɗaya ga kowace shekara. Tsawaita shi ba ya ƙara komai. Ana tashinsa ne a lokacin da ya ɗan yi shiru, ko na sakan biyar ne, don kada ya ɗauka ihunsa ne ya tashe shi. In ya sauka, a mayar da shi cikin natsuwa, ko sau nawa ne. Sai babban abin da ake mantawa: bayan ya tashi, a koma kan umarnin farko. Takalmin nan dai sai ya sa. In ba haka ba kujera ta zama mafaka, ya gwammace zaman minti uku a kan kwashe kayan wasa.

Birgima kuwa, tana tsakiya ba a wa'azi. Kunnensa a toshe yake. Ki kawar da abin da zai ji masa ciwo, ki faɗi abin da yake ji sau ɗaya ("ranka ya ɓaci don na hana ka wayar"), ki zauna kusa ki yi shiru. Bayan ya huce ki rungume shi, amma wayar ba za ta fito ba. Rarrashi daban, janye doka daban.

Ki shirya wa abu ɗaya: kwanakin farko abin ƙaruwa zai yi, ba raguwa ba. Mutum ya saba danna maɓalli fitila ta kama, ran da ta ƙi, sai ya yi ta dannawa da ƙarfi kafin ya haƙura. Haka yaro zai ƙara ihu don ya gwada ko dabararsa ta daina aiki da gaske. In aka miƙa wuya a minti na goma, an koya masa cewa kuɗin abin kukan minti goma ne, gobe daga nan zai fara. Gara a ba shi tun farko in an san ba za a iya tsayawa ba. A'a ɗin da ake janyewa wani lokaci, a tsaya wani lokaci, ita ce mafi wuyar gyara. Kuma duk manyan gidan su zama baki ɗaya a kan dokokin nan biyu ko uku, in ba haka ba yaro zai gano ƙofar baya cikin kwana ɗaya.

Rigima da yawa ma ana kashe ta kafin ta tashi. Sanarwa kafin a katse wasa: saura minti biyar, saura minti ɗaya. Zaɓi biyu waɗanda duk kin yarda da su: wannan rigar ko waccan. "In ka wanke hannu, sai mu karanta labari", maimakon "in ba ka wanke ba babu labari". Sannan wasannin da ke motsa birki: a yi ta rawa, da an tsayar da kiɗa kowa ya ƙame. Ko a ce in na ce taɓa kai, ka taɓa ƙafa, in na ce ƙafa, ka taɓa kai. Wannan na ƙarshe masu bincike ma suna auna kamun kan yara da irinsa.

Mai Neman Sani ta sake rubutawa:

Na gode Malam, na gode Malama, Allah ya saka da alheri. Saura abu biyu. In tarbiyya ce, me ya sa za a ga 'ya'ya biyu uwa ɗaya uba ɗaya, ɗaya salihi, ɗaya kamar an jona shi da lantarki? Na biyu, maganar duka. Mutane da yawa za su ce an doke su suna yara kuma ga su nan lafiya lau. Me za a ce musu?

Ɗalibin Bincike ya amsa:

Yaya, tambayarki ta farko ita ce ta sa nake so in ɗan ja wa bayanin Malam birki, da izininsa. Alaƙar da Pinquart ya samu gaskiya ce, amma ba mai girma ba ce. Salon tarbiyya ɗan yanki ne na bambancin da ke tsakanin yara, ba shi ne duka ba. Kuma tun 1968 Richard Bell ya ja hankali cewa kibiyar tana tafiya ta ɓangare biyu: iyaye masu zafi suna ƙara wa yaro rigima, yaro mai rigima kuma yana mayar da iyaye masu sanyi masu zafi. In kin ga uwa tana yawan tsawa, ba lallai ne daga ita abin ya faro ba.

Yara da halinsu suke zuwa. Alexander Thomas da Stella Chess sun fara bin wasu jarirai a New York a 1956. Kimanin kashi 40 cikin 100 masu sauƙi ne, barci da ci a kan lokaci, saurin sabo. Kashi 10 masu wuya, kuka mai ƙarfi, komai sabo sai an sha fama. Kashi 15 masu ɗari-ɗari ne, sai a hankali suke sakin jiki. Sauran ba su faɗa rukuni ɗaya ba. Abin da suka fi nanatawa shi ne dacewa tsakanin halin yaro da yadda ake tafiyar da shi. Grazyna Kochanska ta Jami'ar Iowa ta ƙara haske: yaro mai tsoro, kwaɓa mai laushi ta ishe shi, in aka tsananta sai tsoron ya rufe darasin. Yaro mara tsoro kuwa barazana ba ta kama shi, abin da ke sa ya ɗauki doka shi ne shaƙuwa da mai ba da dokar. Wannan ya saɓa wa abin da aka saba yi, domin shi mai ƙiriniyar ne ake ƙara wa zafi, alhali shi ya fi buƙatar minti biyar ɗin da Malama ta faɗa.

Don haka 'ya'ya biyu a gida ɗaya ba tarbiyya ɗaya suke samu ba, ko iyaye sun rantse. A ƙirga sau nawa ake kiran sunan kowannensu a rana, da irin muryar da ake kira.

Game da duka: a 2016 Elizabeth Gershoff da Andrew Grogan-Kaylor suka haɗa binciken da ya shafi yara sama da 160,000, a kan ɗan dukan da iyaye ke yi da tafin hannu, ba azabtarwa ba. Ba su samu inda ya tafi da ingantuwar hali ba. Ya tafi da ƙarin faɗa, ƙarin kangara, ƙarin damuwa. A 2018 ƙungiyar likitocin yara ta Amurka ta fitar da matsaya cewa a bar shi. Masu cewa wannan al'adar Turawa ce suna da ɗan abin kamawa, amma kaɗan. Jennifer Lansford da abokanta sun duba ƙasashe shida a 2005: Sin, Indiya, Italiya, Kenya, Filifin da Tailan. Inda duka ya zama ruwan dare illarsa ta ɗan ragu, amma a ko'ina yaran da aka fi duka sun fi faɗa da fargaba. Duka yana tsayar da hali na wannan minti, shi ya sa mai yi yake ganin yana aiki. Abin da ba ya yi shi ne nuna wa yaro me zai yi da fushinsa. Kuma ka mari yaro kana ce masa kada ya sake dukan ƙaninsa, wanne zai ɗauka, maganar ko hannun? Mai cewa an doke shi bai lalace ba, mai yiwuwa gaskiya ya faɗa. Sai dai bai san abin da ya raine shi ba, dukan ne ko kulawar da ke kewaye da dukan.

Wanda aka fi rainawa kuma shi ne dukan baki: "ba na sonka", "zan tafi in bar ka", "dubi ɗan'uwanka, kai kuwa", tsoratarwa da dodo ko allura. Wannan ya fi fitowa ta ɗaya fuskar, wato yaron da ba ya damun kowa, shiru-shiru, yawan tsoro, maƙale wa uwa, ciwon ciki ba dalili. Shi ma matsalar hali ce, sai dai ba ta da ƙara, ba mai kawo ƙorafinta.

Ƙarin gyara ɗaya kan gwajin alewa: kada wani ya je ya gwada ɗansa ya yanke masa hukunci. A 2018 Tyler Watts da abokansa sun sake duba shi da yara kusan 900, da suka cire tasirin halin gida da ilimin uwa sai alaƙar da ake cewa tana tsakanin jiran alewar da nasarar yaro a gaba ta ragu sosai. Hujja mafi ƙarfi kan amfanin kamun kai daga Dunedin ta New Zealand take, inda aka bi yara sama da 1,000 da aka haifa a 1972 zuwa 1973 har shekara 32. Can ba gwajin yini ɗaya aka dogara da shi ba, an tattara rahoton iyaye da malamai da masu lura daga shekara 3 zuwa 11.

Likitar Yara ta amsa:

Duk abin da aka faɗa na yarda da shi, sai dai kafin a ɗora wa tarbiyya laifi a duba jikin yaron. Ruwa ba ya tsami banza.

Barci na farko. Ɗan shekara 3 zuwa 5 yana buƙatar awa 10 zuwa 13 a cikin awa 24, har da na rana. Babba in bai yi barci ba lanƙwasa yake, yaro kuwa zabura yake, sai a ce ƙiriniya. In yana minshari kullum, yana barci baki buɗe, ko numfashinsa yana ɗan tsayawa, a kai shi a duba maƙogwaro da hanci. Na biyu, ji da magana. Ɗan shekara 4 ya kamata baƙo ya gane kusan duk abin da yake faɗa. Yaron da kalma ta gaza masa, haƙori da hannu yake sawa, kuma wanda ruwa ya taru a bayan dodon kunnensa za a yi ta ce masa mai kunnen ƙashi alhali da gaske bai ji ba. Na uku, kallon waya da talabijin. Hukumar Lafiya ta Duniya a 2019 ta ce 'yan shekara 3 zuwa 4 kada su wuce awa ɗaya a rana a gaban waya ko talabijin, kuma su samu minti 180 na motsa jiki. Miƙa waya don a kashe kuka shi ne mafi muni, domin ya ƙwace masa daidai lokacin da zai gwada hucewa da kansa. A duba uwar ma. Wadda damuwa ta danne ko barci ya gagara ba za ta iya shirun sakan biyar ba, kuma ba laifinta ba ne, ita ma magani take buƙata.

Birgima ita kaɗai ba cuta ba ce. Lauren Wakschlag ta binciki yara kusan 1,500 a 2012, fiye da kashi 80 cikin 100 sun yi a cikin watan da ya gabata, amma waɗanda ke yi kullum ba su kai kashi 10 ba. Abin da zai sa a nemi likita: birgima kusan kowace rana, ko wadda take yawan wuce minti 25, ko wadda ke tashi ba tare da wani dalili ba, yaron da ke ji wa kansa ciwo, yana buga kai ko cizon kansa, wanda ke kai wa manya duka a mafi yawan rigimarsa, wanda ya daina abin da ya riga ya iya, kamar magana ko riƙe fitsari, da wanda halin yake bin sa gida da makaranta har wata shida. Ko an tabbatar yaro ɗan shekara 4 ko 5 yana da larurar rashin natsuwa da kasa tsayar da hankali, shawarar likitocin yara ita ce a fara da horar da iyaye irin wanda Malama ta zayyana, kafin a yi maganar ba shi magani.

In za a zo asibiti, a zo da takarda. Mako biyu ana rubuta kowace rigima a layi ɗaya: ƙarfe nawa, me ya faru gab da ita, me ya yi, me babba ya yi, minti nawa ta ɗauka da agogo ba da ƙiyasi ba. A gefe a sa lokacin kwanciya da na tashi, da lokacin da ya ci abinci na ƙarshe. Sau da yawa tun kafin a iso gaban likita za a ga rigimar ta taru wuri ɗaya, ko dab da cin abinci, ko bayan an karɓe waya, ko ranakun da ya kwanta bayan ƙarfe goma.